Kwana Ashirin Bayan Annikki Ta Sa Hannu

Ranar Talata, ashirin da biyu ga Afrilu, na isa gidan 'yata Annikki da ƙarfe takwas saura minti goma na safe. Duk Talata nakan je tun da ciwon zuciya ya zaunar da ita a gida. Na same ta a kicin, da rigar sanyi a kan kayan barci, ta ɗora kofi tana yanka pulla, wani burodi mai zaƙi.

"Ka makara, tsoho," in ji ta. "Minti biyar cur. Agogon ne ya tsufa ko mai agogon?"

"Tirela ce ta tare hanya a kan gada."

"Kai dai kullum da wanda za ka ɗora wa laifi. Zauna, Baba, kofin na hucewa."

Ta riga ta hau sikeli kafin in zo, kamar yadda likita ya umarce ta, don a gane ko ruwa na taruwa a jikinta. Kilo sittin da ɗaya da ɗigo huɗu, daidai da na jiyan ranar. Ta rubuta a kalandar da ke jikin firij. Ƙarfe takwas da kwata ta sha ƙwayoyinta biyar a gabana.

Daga tara zuwa goma ta zauna kusa da taga tana raba 'ya'yan tumatirin da ta yafa, kowanne da gwangwaninsa, ni kuma ina gyara ƙofar kabad da ta karkace. Goma da 'yan mintoci muka ji ƙarar akwatin wasiƙa. Na je na duba: takardar kuɗin wuta da tallar kantin taya. Takardar da take jira daga kamfanin inshora ba ta zo ba.

"Kwana goma sha tara ke nan," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Baba, in na mutu kafin mutanen nan su aiko, ka sa a rubuta a kan kabarina: tana nan tana jira."

"Ki daina irin wannan magana."

"To, a canja. A rubuta: ana kan duba fayil ɗinta."

Na yi dariya, ita ma ta yi.

Ƙarfe sha ɗaya na ɗauke ta a mota muka hau tudun da ke kallon tashar jiragen ruwa ta bakin tafki. Ƙanƙarar tafkin ta fashe, sai 'yan guntaye a bakin gaɓa. Jirage biyu suna lodi a gindin rumbuna. Ta dubi ƙurar da ke tashi daga na farko ta ce alkama ce, na biyun kuma sha'ir. Na ce daga nan ba za ta iya ganewa ba. Ta ce in sa dala biyar. Ban sa ba, don na san zan yi asara.

Sha biyu da rabi muka sha miyar kifi da dankali, ba gishiri. Daga ɗaya zuwa uku ta kwanta, na karanta jarida a falo. Uku da minti goma maƙwabciyarta Helmi, wadda duk layin ke kira Mummu Helmi, wato kaka Helmi, ta shigo da kwalbar jam da ta kasa buɗewa, ta zauna ta yi rabin awa tana zagin masu kwashe shara. Huɗu da minti ashirin na tashi. Annikki ta rako ni bakin ƙofa ta ce Talata mai zuwa in zo da ƙusoshi na gaske, ba waɗannan na wasan yara ba. Bakwai da minti goma ta kira ni a waya tana tambayar inda na jefa mata almakashi. Na gaya mata. Maganar ba ta kai minti biyu ba.

Washegari, da ƙarfe tara ta wuce, Mummu Helmi ba ta ga an ɗaga labulen kicin ba, ta kira ni. Likita ya ce zuciyar ta tsaya ne tana barci. Shekarunta arba'in da uku.

Ban rubuta wannan rana awa bayan awa don son tsawaita zance ba. Lauya ce ta nema, kuma zan zo ga dalilin. Amma kafin nan ya kamata in faɗi wace ce Annikki, domin a cikin kwali uku na takardun shari'arta babu inda aka faɗa.

Ita kaɗai muka haifa, ni da mahaifiyarta Raili, wadda ta rasu Annikki na da shekara ashirin da bakwai. Ni safiyo ne, na yi shekara arba'in ina auna filaye da kafa turakun iyaka, kuma na so ta yi karatu ta wuce ni. Ta yi shekara ɗaya a jami'a ta bari. Ta ce ba za ta iya zama a ɗaki ana yi mata bayanin abin da ba ta taɓa da hannunta ba. Na yi wata uku ba na yi mata magana sai ta dole. Wannan kuskurena ne, kuma na gaya mata haka daga baya, ko da yake na daɗe kafin in faɗa.

Ta sami aiki a ɗaya daga cikin rumbunan hatsi na bakin tafki tana da shekara ashirin. Da shara ta fara. Bayan shekara shida ta zama mai duba hatsi, wato wadda za ta ɗebi samfuri daga taragon jirgin ƙasa, ta tankaɗe, ta auna danshi, ta ce wannan alkama lamba ɗaya ce ko lamba biyu. Maganarta ke yanke farashin da manomi zai samu a can yamma, mutumin da ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta taɓa mantawa da haka ba. An ba ni labarin ranar da shugabanta ya matsa mata ta sauke darajar tarago goma sha biyu. Ta miƙa masa rariya ta ce, "Ga ta nan, Gord, tankaɗe da kanka ka sa sunanka." Bai karɓa ba.

Ta yi aure shekara huɗu suka rabu ba faɗa, ba haihuwa. Tana son kamun kifi, tana da ƙaramin kwalekwale mai inji. Ba ta iya waƙa ba amma ba ta fasa yi. In ta ara abu takan mayar da shi da wani abu a ciki.

Tana da shekara talatin da takwas ta yi wata mura mai zafi a watan Nuwamba, lokacin da jirage ke rige-rigen lodi kafin tafki ya daskare. Ba ta huta ba. Zuwa Kirsimeti ba ta iya hawa bene sai da ƙyar. Likitoci suka ce ciwon ya taɓa naman zuciyar, ta kumbura, ba ta harba ko rabin jinin da ya kamata. Aikin rumbu ya ƙare.

Shekara goma sha takwas ana cire mata wani abu daga albashi saboda inshorar nakasa, wadda ke biyan mutum wani kaso na albashinsa duk wata in ciwo ya hana shi aiki, har ya kai sittin da biyar. Kamfanin ya biya shekara biyu ba gardama. Amma a ƙa'idarsu, bayan shekara biyu tambayar takan canja: ba ko za ka iya aikinka ba, sai ko za ka iya wani aiki ko da wane iri. A wannan gaɓar ne suka turo mutum da kyamara ya zauna a mota a ƙarshen layi har kwana huɗu, cikin watan Fabrairu.

A unguwarmu, in dusar ƙanƙara ta sauka, wanda ya fara fita da shebur ba ya tsayawa a iyakar gidansa in maƙwabcinsa tsoho ne. Ba a roƙo, ba a godiya, abin kunya ne ma a yi zancen. Ni na koya mata wannan tun tana 'yar shekara bakwai, na ce kada ta yarda tsohuwa ta riga ta fita da shebur. A rana ta uku da zaman mai kyamara an sami 'yar dusar ƙanƙara mara nauyi. Annikki ta hango Mummu Helmi, mai shekara tamanin da ɗaya a lokacin, tana kokawa da ƙofa da shebur a hannu. Ta sa takalmi ta fita ta share mata daga ƙofa zuwa titi. Minti goma sha ɗaya. Bidiyon ya nuna duka. Bai nuna kwana ukun da ta yi a kwance bayan haka ba, don rana ta huɗu ba ta fito ba, mai kyamara ya rubuta cewa ba a ga motsi ba, ya tafi.

Wani likita a Toronto, wanda bai taɓa ganinta ido da ido ba, ya karanta fayil ɗinta ya kalli bidiyon, ya rubuta cewa ciwonta ya daidaita, za ta iya aikin zaune har ta kai shekarun ritaya. A watan Maris suka tsayar da biya.

Abin da ya fi ci mata rai ba kuɗin ba ne, ko da yake sai da ta sayar da kwalekwalen. Wata jimla ce a wasiƙarsu, cewa abin da aka gani bai dace da abin da take faɗa ba. Ta karanta min ita sau uku.

"Baba, ka ji? Maƙaryaciya suke ce min, sun dai sa mata kwat da taye."

Ta ɗauki lauya, Carmela Fazio, gajeriyar mace mai saurin magana wadda ta yi shekara ashirin tana irin wannan shari'a. Aka shigar da ƙara. Shekara biyu ana musayar takardu, kowane shafi na asibiti an miƙa wa kamfanin, har na watan Maris ɗin ƙarshe. Sai aka sa ranar zaman sulhu, Alhamis uku ga Afrilu, a wani otal kusa da filin jirgi.

Na raka ta. Mu a ɗaki ɗaya, mutanen kamfani a wani, mai shiga tsakani, wani tsohon alƙali mai ɗingishi, yana kai-komo a baranda. Duk shigowarsa da sabon adadi da sabon dalili. Wajen azahar Annikki ta ɗora ƙafafunta a kan kujera don sun fara kumbura, ta ce wa Fazio, "Carmela, wannan ai cinikin tsohuwar mota ne, ni ce motar. Ki gaya musu tayoyin sababbi ne."

"Yi shiru ki ci sanwicinki," in ji Fazio. "Yanzu suka fara jin zafi."

Ƙarfe shida da kwata aka daidaita. Kamfanin zai biya kuɗi a dunƙule sau ɗaya, kusan rabin abin da zai biya da an ci gaba wata-wata har ta kai sittin da biyar, ita kuma ta janye ƙara har abada. Mai shiga tsakani ya rubuta sharuɗɗan da hannunsa a shafi ɗaya. Annikki ta karanta a hankali da yatsa a kan layi. Ta sa hannu, Fazio ta sa, wakilin kamfani ya sa. Sharaɗi na huɗu ya ce kamfanin zai shirya takardar sallama, wadda a cikinta za ta yafe duk wata da'awa, ya aiko, kuma zai biya cikin kwana talatin da sa hannunta a kai. Wannan ce takardar da take jira ranar Talatar nan.

Takardar ta iso ofishin Fazio kwana shida bayan rasuwar.

Fazio ta sanar da su. Suka yi shiru mako uku, sannan wasiƙa ta zo, ta kira ni ofis ta karanta min. Sun buɗe da ta'aziyya. Bayanta suka kawo magana biyu. Ta farko, tunda ba a sa hannu a takardar sallama ba, sulhun bai kammala ba. Ta biyu, an yi lissafin kuɗin ne a kan shekara ashirin da biyu masu zuwa, kuma wadda ta mutu bayan kwana ashirin akwai alamar ta san jikinta ya taɓarɓare ta ɓoye. Sun ce saboda tausayi za su ba da kashi ɗaya cikin biyar, a rufe maganar.

"Mista Hautala," in ji Fazio, "kai ne mai kula da gadonta, kai za ka yanke. Za mu iya zuwa gaban alƙali mu nemi ya tilasta musu cika yarjejeniyar. Ina ganin muna da ƙarfi, amma ban taɓa yi wa kowa alkawarin kotu ba. In muka faɗi, za ka biya wani ɓangare na kuɗin lauyoyinsu. Kuma za su yi maka tambayoyin da ba za ka so ba."

Na ce ta ba ni mako guda.

Shekaruna saba'in da huɗu, fanshona ya ishe ni, ba ni da jika. Kuɗin ba su da wani aiki a hannuna. Amma na ga cewa in na karɓi kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan, na sa hannu ke nan a kan cewa 'yata ta yaudare su. Da farko sun ce ta yi ƙarya da ta ce ba ta da lafiya. Yanzu sun ce ta yi ƙarya da ba ta faɗi yadda ciwon ya kai ba. Na kasa gano inda suke so ta tsaya.

A cikin makon na je gidanta ɗauko wasiƙu, Mummu Helmi ta tare ni a bakin shinge. Tun da aka tsayar da biyan nan take ganin ita ta jawo.

"Taisto," ta kira sunana, "me 'yan banzan suka ce?"

Na gaya mata.

"Kashi ɗaya cikin biyar? Me suka ɗauke ta, kaza ce da za a ba ka cinya a riƙe saura? Kai, in ka karɓa, kada ka ƙara taka min ƙofa." Sai ta juya tana gyara igiyar shanya da babu abin da ya same ta. "Da na karya ƙafa ranar nan kafin in kai ƙofa, da duk ba a yi haka ba."

"Ni na koya mata, Helmi, ba ke ba."

"To mu biyu ne wawayen. Je ka kai su kotu."

Na kira Fazio na ce a shigar da maganar kotu.

Nan ne ta nemi in rubuta takardar rantsuwa: yadda Annikki take a makonninta na ƙarshe, musamman ranar da na gan ta ta ƙarshe, dalla-dalla. Shekara biyu muna tara shaidar cewa ba ta da lafiya, yanzu aikina in nuna cewa tana cin abinci, tana shuka tumatir, tana shirin Talata mai zuwa. Duka biyun gaskiya ne. Na zauna na rubuta abin da ke farkon wannan labari.

Fazio ta karanta, ta sa biro a kan maganar kabari.

"Wannan za mu cire."

"Ta faɗa."

"Na san ta faɗa, ai na san bakinta. Amma babu dokar da ta ce sai ka rubuta duk abin da aka yi a ranar. Ba ka rubuta sau nawa ka shiga banɗaki ba. Barinsa ba ƙarya ba ne."

"In sun tambaye ni ko ta taɓa zancen mutuwa fa?"

"Sai ka amsa a lokacin."

"Sai su ce na ɓoye. Kalmar da suka jefa mata ke nan. Carmela, na yi shekara arba'in ban gusar da turken iyaka ko taku ɗaya don in faranta wa wanda ya biya ni ba. Ba zan fara a kan 'yata ba."

Ta cire tabarau ta mutstsuka ido. "Yanzu na gane inda ta gado taurin kai. To, bar shi. Allah ya sa alƙalin ya san wasa."

A watan Agusta lauyan kamfanin ya yi min tambayoyi a kan takardar, a wani ƙaramin ofis, da mace mai buga duk abin da aka faɗa. Mutum ne mai ladabi, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba.

"Mista Hautala, a sakin layi na tara ka ce ta yi maganar kabarinta. Kwana ɗaya kafin ta rasu."

"Haka ne."

"Ka ce wasa take yi. Ta yaya ka sani?"

"Na yi shekara arba'in ina jin wasanta."

"Amma ba za ka iya sanin abin da ke ranta ba."

"Ba zan iya ba."

"Ka lura da wani canji a jikinta tsakanin Maris da Afrilu?"

Ban rubuta wannan ba, ban ma tuna da shi ba sai da ya tambaya. "A watan Maris, in za ta hau bene, takan tsaya hutawa a mataki na bakwai. A Afrilu takan tsaya a na biyar."

"Ka gaya wa likitanta?"

"A'a."

"Ita ta lura?"

"Ban sani ba."

Da muka fito wajen ajiye motoci Fazio ta ce, "Mista Hautala, da kamfanin ne ya ɗauko ka shaida, sai sun ba ka goron sallama." Ba ta yi fushi ba, amma ba ta yi dariya ba.

Maganar matakan nan ita ce ta fi zama min a rai, ba don shari'ar ba. Na gani da idona, na ƙirga, kuma ban ce komai ba, saboda a gidanmu ba a tambayar mutum yaya jikinsa sau biyu. Na tambayi likitanta daga baya ko da na faɗa za a iya yin wani abu. Ya ce mai yiwuwa a canja magani, mai yiwuwa kuma ba abin da zai hana. Ya ce irin wannan zuciya takan kai mutum shekara ashirin, takan kuma tsaya a kowace rana, kuma Annikki ta san haka tun shekarar farko. Kamfanin ma ya sani, yana rubuce a takardun da aka ba su.

An saurari maganar a watan Oktoba, cikin rabin yini, gaban wata alƙaliya. Fazio ba ta daɗe a kan takardata ba. Ta ɗauko rahoton likitan kamfanin ta karanta inda ya ce ciwon ya daidaita, za ta yi aiki har ritaya. Ta ce da wannan suka hana ta kuɗi shekara biyu, da shi suka rage farashi ranar sulhu, kuma duk takardun asibiti suna hannunsu a lokacin. Lauyan kamfanin ya tashi ya yi magana a kan kabari da matakan bene. Alƙaliyar ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi.

"Da marigayiyar ta rayu har sittin da biyar, abin da kuka yarda za ku ba ta bai wuce rabin haƙƙinta ba. Za ku dawo ku cika mata sauran?"

"A'a, ranki ya daɗe. Sulhu ne."

"To ina sauraronka."

Ya ci gaba, amma bai ƙara minti biyar ba.

Hukuncin ya fito ranar sha ɗaya ga Disamba, shafi tara. Ta ce yarjejeniyar ta kammala tun ranar uku ga Afrilu da aka sa hannu a kan sharuɗɗanta, takardar sallama cikon aiki ce kawai, kuma mai kula da gado zai iya sa mata hannu. Ta ce kowane ɓangare ya shiga sulhun ne da sanin cewa babu wanda ya san tsawon ran mai ƙara. Ta ce mara lafiya ya yi wasa da zancen mutuwa ba ya nufin ya san ranarta. A sakin layi na ashirin da shida ta rubuta cewa ba ta ga wata shaida da ke nuna marigayiyar ta ɓoye wa kowa komai ba. Ta umarci kamfanin ya biya duka cikin kwana talatin, da ƙarin jinkiri da kuɗin shari'a. Ba su ɗaukaka ƙara ba.

Dole in faɗi iyakar abin. Hukuncin ya wanke ta daga zargi na biyu ne kawai. Na farko, na bidiyon shebur, babu alƙalin da ya taɓa dubawa, kuma ba za a duba ba, don wannan shi ne ma'anar sulhu: kamfani ya biya ba tare da ya amsa laifi ba. Annikki ta san haka da ta sa hannu. Ta gaji, ta zaɓa, ba ni da ikon in so mata fiye da abin da ta karɓa.

Na je ofishin Fazio na sa hannu a takardar sallama. An buga sunan Annikki a ƙarƙashin layin, aka soke da biro aka rubuta nawa. Kuɗin sun shigo a Janairu. Fazio ta ɗauki kasonta, ta cancanta. Saura suna banki, har yanzu ban yanke abin da zan yi da su ba. Na kai wa Mummu Helmi kwafen hukuncin, ta sa na karanta mata sakin layi na ashirin da shida sau biyu don idonta ya yi rauni, ta ce a bar mata takardar.

Duk tsawon watannin nan ban taɓa kayanta ba, Fazio ta ce a bar gidan yadda yake ko za a nemi wani abu. A watan Fabrairu na fara. Tufafinta jaka goma sha huɗu na kai shagon coci. Ragowar magunguna na mayar wa kemis. Takalman aikinta masu ƙarfe a baki ba a sami mai ƙaramar ƙafa kamar tata ba, sai da wata sabuwar ma'aikaciya a rumbu ta gwada suka yi mata. Gado da kujeru, wasu ma'aurata da suka sayi gidan suka ce a bar musu. Kwalayen shari'a uku suna ɗakina na ƙasa, an ce in ajiye shekara bakwai.

A can bayan kabad ɗin ɗakin barcinta na tarar da ƙananan kwalabe goma sha uku, kowace cike da alkama, an rufe da kyau, an manna takarda da shekara da sunan garin da taragon ya fito, a rubutunta. Kwalba ɗaya ga kowace kakar da ta yi tana duba hatsi. Ban san tana tarawa ba, kuma babu wanda na tambaya a rumbu da ya sani. Na kai su wurin wani manomi da na taɓa auna wa gona, na tambaye shi ko za su tsira. Ya zuba kaɗan a tafin hannu ya ce na shekarun baya-bayan nan mai yiwuwa, tsofaffin kam sun mutu, amma duk wanda ya zaɓe su ya san alkama. Ya ce in bar masa ya gwada a gefen gona. Na ba shi cokali ɗaya daga kowace, na dawo da kwalaben gida na jera su a kan kantar ɗakin karatuna, bisa tsarin shekarunsu.